Ƙasa da Dutsen Dunskarra

Wanda ya bi hanyar gaɓa a yau zai hangi Dunskarra tsaye a kan tsauninsa babu rufi, hankaki na shiga ta taga suna fita ta sama. Baƙi sukan ɗauka aikin igwa ne. Sau biyu dai an kafa wa gidan nan igwa, karo ɗaya sojan kudu, karo ɗaya maƙwabta, duka suka gaji suka tattara nasu ya nasu suka tafi, don kaurin bangon ya kai kamu takwas. Shekara ɗari uku zuriyar MacOrran na cikinsa, hawa biyar, ƙofa guda ta ƙarfe. Abin da ya gagari igwa tsohuwa ɗaya ce ta jawo shi, kuma da kyakkyawar niyya ta yi. Sunanta Ishbel.

A hawa na huɗu aka haifi Ishbel, a ɗakin da tagarsa ke duban maƙabartar gidan da ruwan da ke bayanta. Ba ta yi aure ba, ba ta taɓa kwana ƙarƙashin wani rufi ba. Yayyenta biyu ne, Ranald babba, Aulay na bin sa. Ranald ya shiga jirgin ruwa yana saurayi, jirgin ya ɓace. Shekara bakwai shiru, har mahaifinsu ya mutu, sai aka ce to a yi wa Ranald jana'iza shi ma. Aka cika akwatin gawa da ƙasa da duwatsu don masu ɗauka su ji nauyi, aka binne. Washegari aka ba Aulay gidan.

A wajenmu ƙasa ba ta zama taka da baki, ba ta kuma zama taka da takarda kaɗai. Sai mai ita, ko wakilinsa, ya tsaya a kan filin, ya sunkuya ya ɗebi ƙasa da dutse guda, ya damƙa maka hannu da hannu a gaban shaidu. In an yi haka an gama. Haka aka yi wa Aulay a bakin ƙofar ƙarfen nan, Ishbel na kallo.

Bayan shekara huɗu sai ga wani mutum ya sauko daga kwalekwale, ramamme, rabin haƙoransa sun zube, ya ce shi ne Ranald, kurkukun Faransa ne ya riƙe shi. Aulay ya tare ƙofa ya ce, "Yayana yana can kwance, ni na riƙe igiyar kan akwatinsa da aka saukar da shi a rami. Ban san wannan ba." Magana ta kai gaban alƙali, alƙali ya ce a kawo ƙanwar. Da safen ranar Aulay ya same ta a matakala, bai ko ɗaga murya ba. "In kin gane shi," in ji shi, "ki gane hanyar fita ma." Ishbel ta tsaya gaban alƙali, ta dubi mutumin, ta dubi tabon da ke haɓarsa, wanda ita ta yi masa da dutse tana ’yar shekara shida. Ta ce, "Ban tabbata ba."

Ranald ya ƙetare ruwa, ya auri ’yar masunta, ya gina bukka a tsallake, ya sa ƙofarta tana duban Dunskarra. Shekara goma sha tara yana buɗe ido a kan gidan ubansa. Da ya mutu aka roƙi a sa shi a maƙabartar gidan, Aulay ya ce ba a binne mutum sau biyu. Sai aka sa shi a bayan bukkar. Ya bar ɗa guda, Sorley.

To, Aulay ma nasa lokacin ya zo, Ishbel tana da shekara sittin da takwas. Magajinsa ɗansa ne Ninian, wanda aka kai birnin Edinburgh tun yana ɗan shekara bakwai, ya tashi cikin littattafai da takalmin da ba ya son taɓo. Ya iso gawa na kwance a babban zaure da farantin gishiri a ƙirjinta, ya tambaya ko gishirin na mene ne.

Abu ɗaya Ishbel ke so a duniya: gidan nan ya tsaya, ta mutu a ƙarƙashin rufinsa. Ta san kuma mutanen ƙasar sun rabu, rabi na sauraron Sorley na tsallake, kuma Ninian ba zai iya riƙe su da tsoro yadda ubansa ya yi ba. Ta ga in ba a daidaita ’ya’yan yayyen nan nata yanzu ba, babu ranar daidaitawa. Ta kira Murdo, tsohon baran gidan, wanda suka tsufa tare.

"Ka shiga kwalekwale ka gaya wa Sorley ya zo jana'izar baffansa."

Murdo ya cire hularsa ya sosa kai. "Ranki ya daɗe, kin tabbata?"

"Kada ka sake yi mini wannan tambayar."

"Ba da wata manufa na faɗa ba. Amma yaron nan na san shi. Ba ya shan wiski, ba ya zagi, ba ya dariya. Mutum irin haka ni tsoronsa nake ji."

"Yaron da kake faɗa ya ba arba'in baya. Tafi."

Ninian kuwa sai da ta sha fama da shi. Yana zaune a kujerar ubansa yana gasa ƙafa, ya ce, "Gwaggo, ɗan masuncin nan? A jana'izar babana? Ai sai a rasa gane warin gawa da warin kifi."

"Ɗan yayan ubanka ne."

"Kotu ta ce ba shi ba ne. Ke ma kin ce."

Ishbel ta haɗiye wannan. "Ban ce ka ba shi gida ba. Ka ba shi igiyar ƙafar akwati ya riƙe in za a saukar da gawa, mutane su gani. In ya roƙi wani abu a bakin kabari, kada ka aiki bara, kada ka yi masa nuni da sanda yadda kake wa Murdo. Ka ba shi da hannunka. Da hannunka, Ninian. Abin da aka hana ubansa ke nan."

"Me zai roƙa? Tsohuwar rigar baba?"

"Ko ita ce ka ba shi."

Ya yi dariya ya sumbaci goshinta. Ba mugun yaro ba ne a lokacin. Ya ce, "An gama, gwaggo. Zan yi masa ladabi har ya ji kunya."

Mata ba sa zuwa bakin kabari, saboda haka daga tagarta Ishbel ta kalli komai. Rana ce mai iska, ba ta jin komai sai ɗan sautin mai busan jana'iza in iska ta juyo. Maza wajen ɗari biyu suka kewaye ramin. Ta ga Ninian ya kama igiyar kai, ta ga dogon mutum mai baƙar riga ya kama igiyar ƙafa, tafiyar Ranald sak, har da yadda yake karkata kafaɗa. Aka saukar da akwati. Hankalinta ya ɗan kwanta, abin da bai yi ba shekara arba'in da wani abu.

Sai ta ga Sorley ya cire hula ya matso kusa da Ninian yana magana, yana nuna tsohon kabarin nan na duwatsu, yana nuna tsallake. Ninian ya gyaɗa kai. Ya cire safar hannunsa. Ya sunkuya.

Tun bai miƙe ba, ta gane abin da ake shiryawa. Ta ga wasu mutum uku da ba ta sani ba sun ratso taro sun tsaya daf da su, ɗaya ya zaro takarda daga ƙirji. Ta daki gilashin taga da tafin hannu, ta yi ihu, "Ninian! Kada ka ba shi!" Iska ta kwashe. Ninian ya miƙe da ƙasa cike da hannun dama, dutse a hagu, ya zuba su a tafin Sorley, har ya dafa kafaɗarsa. Sorley ya ɗaga hannuwansa sama ya juya a hankali kowa ya gani. Daga nan huluna suka fara sauka, na gaba tukuna, sannan na baya, ba Ninian suke duba ba.

Murdo ne ya fara isowa, yana haki a matakala.

"Me ya ce masa?" in ji Ishbel.

"Cewa ya yi, ‘Ɗan'uwa, ubana yana da kabari a nan amma ba ya ciki. Ba ni ɗan ƙasar gidan nan da dutse guda in kai in ɗora masa inda yake kwance.’ Ranki ya daɗe, ni kaina sai da na share ido. Da na ga magatakardan nan sannan na farka."

"Ba ka hana ba?"

"Ina igiya ta shida, rami na tsakaninmu. In tsallake gawar maigida?"

A babban zaure aka jera nama da wiski, aka kira mutane, rabi ba su shigo ba. Sorley ya shigo shi kaɗai, ƙasar na ƙulle a hankici. Ninian, da aka riga aka fassara masa abin da ya yi, fuskarsa ta yi fari.

"Wasan yara ke nan," in ji shi. "Babu alƙalin da zai karɓi wannan a Edinburgh."

"Mai yiwuwa," in ji Sorley. "Amma alƙalin Edinburgh ba ya yi maka huɗa, ba ya tatsar maka saniya. Ka ba ni a kan filin, da hannunka, gaban mutum ɗari biyu. Ban ƙwata ba. Har ka cire safar hannu, na gode da wannan."

"Ɓarawo. A kan gawar ubana!"

"Ubanka a kan gawar nawa ya yi, shi kuwa yana raye." Ya juya wajen Ishbel ya ɗan rusuna. "Gwaggo. Kin gane ni kuwa? Ko ni ma sai an kira alƙali?"

Ya sa hularsa ya ce ba ya gaggawa, zai shigo gidan ranar da aka gama girbi, su kwashe abin da za su kwashe.

Ninian ya rubuta wa lauyoyi, lauyoyi suka rubuto. Ɗaya ya ce abin banza ne. Ɗaya ya ce a yi hankali, don in aka tono tsohuwar shari'ar Ranald aka haɗa da wannan, za a iya cewa ɗan ƙane ya amsa haƙƙin ɗan wa da kansa, kuma irin wannan shari'a takan binne waɗanda suka fara ta. Mutanen ƙasa ba su jira lauya ba. Mai kawo madara ta daina zuwa. Masunta suka riƙa wucewa da kifinsu ta ƙarƙashin tsauni ba sa ɗaga kai. Mai dafa abinci ta ce ’yarta ba lafiya, ta tafi ba ta dawo ba. Ranar Lahadi Ninian ya shiga coci ya tarar an bar masa kujerar gidan wayam, mutane sun cunkushe a bayan Sorley. Kafin hatsi ya nuna, mutum uku suka rage a hawa biyar: Ninian, Ishbel da Murdo, wanda ya koma dama musu kunun hatsi, yana ƙona shi kullum.

Ishbel ta lura Ninian ya daina zagi. Ya daina dariya kuma. Sai yawo a gidan, yana ƙwanƙwasa katako, yana ɗaga kai yana duban azarar rufi.

Saura sati uku girbi ya ƙare, jiragen ruwa biyu suka tsaya a ƙarƙashin tsauni, mutum talatin suka sauko da tsani da guduma da zarto, duk ’yan kudu, ba wanda ya san Dunskarra balle ya ji nauyinsa. Ishbel ta sami Ninian a tsakar gida.

"Su wane ne waɗannan?"

"Masu taya ni kwashe kaya, gwaggo. Ya ce mu kwashe abin da za mu kwashe."

"Da zarto?"

"Me na ba shi? Ke kin gani ta taga. Ƙasa da dutse na ba shi." Ya yi maganar a hankali kamar mai karanta takarda. "Ƙasa da dutse zai samu. Ban ba shi katako ba, ban ba shi dalma ba, ban ba shi ƙarfe ko gilashi ba."

"Gidan kakanninka ne, Ninian."

"Na kakanninsa ne, in ji ku."

"To ni fa? A nan aka haife ni."

Ya dube ta da idon Aulay. "Ke kika ce da hannuna. Akwai ɗaki a Edinburgh in kina so. Yana da murhu."

Aka fara ɓanɓare dalmar rufi tun ranar, ana naɗe ta kamar tabarma ana jefowa ƙasa. Ishbel ta sa Murdo ya tura kwalekwale. Karo na farko ke nan da ta ƙetare ruwan. Ta sami Sorley a ƙofar bukka yana ɗinkin taru, ƙarar guduma na zuwa har nan.

"Kana jin abin da yake yi?"

"Ina ji, gwaggo. Zauna, ga kujera. Ta babana ce."

Ba ta zauna ba. "Ka je ka ce masa ka fasa. Ko ku raba, kai ka ɗauki gonaki, shi gidan. Ko ka jira in mutu, ai ban da nisa. Kalma ɗaya daga bakinka za ta tsai da shi."

"Kalma ɗaya," in ji Sorley, bai daina ɗinki ba. "Haka ne. Kalma ɗaya takan tsai da abubuwa da yawa."

Murdo ya ce, "Haba Sorley, tsohuwa ce."

"Baba Murdo, kai ka riƙe wa Aulay ƙofa ranar. Ka yi shiru kawai."

Ishbel ta dubi tudun kabarin da ke bayan bukkar. Hankicin nan na kansa, an danne da dutsen. Ashe ya kai wa uban nasa kamar yadda ya ce. Sai maganar ta fito, wadda ta riƙe tun tana budurwa.

"Ranald ne. Na gane shi tun yana saukowa daga kwalekwale. Tabon haɓarsa ni na yi masa."

Sorley ya ajiye allura.

"Na sani. Shi ma ya sani. Yakan ce, ‘Ishbel ta gane ni, tsoro ne kawai, za ta zo.’ Shi ya sa ya sa ƙofar ta wannan gefen, ba don gidan ba. Kowane kwalekwale ya taso daga can sai ya miƙe tsaye." Ya ɗauki allurarsa. "Da kin faɗi wannan a coci bara, da ban bi ta hanyar da na bi ba. Yanzu wa zai amfana?"

"To rufin?"

"Ban taɓa kwana a ƙarƙashinsa ba, gwaggo. Ban san daɗinsa ba, ba zan yi kewarsa ba. Ya cire."

Kwana goma sha tara aka yi ana aikin. Bayan dalma aka sauke azara, manyan itatuwan da aka ce daga Norway aka kawo su a zamanin wanda ya gina gidan. Aka cire daɓen katako hawa bayan hawa, tun daga sama. Ishbel ta ƙi fita daga ɗakinta har sai da wani ɗan kudu ya leƙo ta saman kanta, sararin sama a bayansa, ya ce, "Iya, yi haƙuri, nan za mu shiga." Ta koma hawa na uku, bayan kwana biyu na biyu, daga nan ɗakin girki. Aka cire tagogi, aka cire ƙofar ƙarfe, mutum takwas suka ja ta zuwa gaɓa. Abin da jirage suka kasa ɗauka Ninian ya sa aka tara a tsakar gida aka cinna wuta da rana tsaka, don a gani daga tsallake. Kujerar ubansa na ciki.

Da zai tafi ya miƙa mata hannu daga bakin jirgi. "Gwaggo, na ƙarshe ke nan."

Ta girgiza kai. Bai sake tambaya ba. An ce ya rayu shekara talatin a Edinburgh, bai ƙara ambaton sunan wurin ba.

Ranar da aka gama girbi Sorley ya hau tsauni, mutanen ƙasa na biye da shi, babu busa, babu magana. Ya shiga ta inda ƙofa take a da. Ruwan sama na zuba a tsakiyar babban zaure, toka ta zama caɓi. Ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi hawa biyar na bango tsirara, murhu bisa murhu a rataye inda babu mai isa. A lungun ɗakin girki ya sami Ishbel zaune a kan akwatinta, Murdo ya riƙe mata bargo a ka.

"To, ga gidanka," in ji ta.

"Na gani."

"Za ka sa masa rufi?"

"Da taru?" Ya dubi Murdo, ya dubi akwatin. "Sanyi na tafe, nan ba wurin zama ba ne. Ni zan koma gidan surukaina a cikin kwari. Bukkar babana ba kowa. Ba ta yoyo."

Can aka kai ta, ita da Murdo da akwatin. Ta yi hunturu biyu a ciki. Bukkar ba ta da taga, haske ta ƙofa kawai yake shiga, saboda haka duk wanda ke son ya ga abin da yake ci sai ya buɗe ta. Murdo ya taɓa cewa zai huda wata ƙofar ta baya, wajen tudu, don iskar ruwa na taɓa mata ƙirji. Ta ce ya bari yadda mai ita ya sa ta. Kowace safiya takan ja kujerar Ranald zuwa bakin ƙofa ta zauna da kwanon kununta.

Da ta mutu, Murdo ya je ya tambayi Sorley inda za a sa ta. Sorley ya ce akwai kabari a maƙabartar gidan da ba kowa a cikinsa, a kwashe duwatsun a sa ta. Haka aka yi. Shi ya riƙe igiyar kai, don babu wani ɗan'uwa da ya rage a ƙasar.